Telan Tebur Na Huɗu

Shekarata goma sha tara ina aiki da gawa, kuma har yau a unguwarmu ta Madaki akwai waɗanda in mun gaisa sai su faki idona su goge hannu a riga. Ina ganinsu sarai. Ba na tanka musu, don na san kowa da ranar da za a juya shi ba da izininsa ba. Sunana Babayo, ɗalibai suna ce mini Baffa. Ni ne mai kula da ɗakin koyon fiɗa a makarantar koyon likitanci. Ni nake jiƙa gawa da magani don kada ta lalace, ni nake fito da ita daga tanki in shimfiɗa a tebur, ni kuma nake wanke wurin in yara sun gama ɓarnarsu.

Aikin yana da tsari. Daga ƙafa ake farawa, a hau a hankali, kai ne ƙarshe. Kafin a kai ga kan, fuskar a naɗe take da farin ƙyalle, wata tara cur babu ɗalibin da zai gan ta. An yi haka ne don yara su saba. Yaro zai iya yanka ƙafar da bai san mai ita ba, amma in ya haɗa ido da gawa ranar farko, sai dai ka nemo shi a gidan ubansa. Ni nake yin naɗin da hannuna, saboda haka ni kaɗai na san fuskar kowa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne gawa wuya take yi mana. Mu nan mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Wanda yake zuwa hannunmu sai wanda aka rasa mai shi. Dakta Juliana, shugabar sashenmu, kullum kukanta ɗaya ne, ɗalibai ashirin a kan tebur guda, wasu har su gama shekara ba su riƙe aska ba.

Mutumin tebur na huɗu haka ya zo mana, shekara uku da suka wuce. A tashar mota aka tsince shi zaune a kan benci, ya jingina da bango kamar mai jiran mota ta cika. Ya yi wata huɗu a mutuware, an yi cigiya a rediyo sau biyu, babu wanda ya zo. Da aka kawo mini shi na ga dogayen zanen fuskarsa, na san Babarbare ne daga Borno. Na kuma san inda 'yan Borno suke a garin nan namu na Gombe. Da yawansu suna unguwar Arawa, suna da dattawansu, in ka kai magana da azahar kafin magariba ta shiga kowane gida. Daga wurin aikina zuwa can tafiyar minti goma sha biyar ce a keke napep. Na ce gobe zan je. Da goben ta zo, Dakta Juliana ta leƙo ta ga gawa cikakkiya babu rauni ko ɗaya, ta ce, "Baffa, mun gode Allah." Ita ba ta san karatun zane ba, ni na sani. Na ja bakina na yi shiru, na ɗura masa magani.

Har wasa na yi masa, in na tuna kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni Bafulatani ne, Barebari kuwa abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni. Ina naɗe masa fuska ina cewa, "To Babarbare, yau dai ka shigo hannun ubangidanka."

Ina da wata al'ada tawa. Duk ɗan kayan da aka samu a jikin gawa aka haɗo ni da shi ba na zubarwa. Babban gwangwanin madara nake samu in saka a ciki, in rubuta lamba, in ɗora a saman kabad. Biyar ne a jere. A nasa akwai tef ɗin awo da lambobinsa suka kusa gogewa, da wata 'yar rigar atamfa ta yarinya, ƙulle a leda. Masu mutuware sun ce a ƙugunsa suka same ta, ɗaure ta cikin wando.

Bara aka fito da shi daga tanki. Cikin ɗaliban da aka ba teburinsa akwai Sadiƙa Abba Gana, siririya mai tabarau, ba ta da hayaniya, amma hannunta ba ya rawa. Ina jin sunan na ce na samu abin tsokana. Ashe na taro daidai da ni. Na ce mata Barebari in ba turare da ƙoƙon shayi ba me suka iya, ta ce, "Baffa, ai Bafulatani ko ya shekara ɗari a birni, in ya kwanta saniya yake mafarki." Daga ranar muka saba. Yarinyar ta shiga raina, ba zan ɓoye ba.

A sati na biyar suka kai sharaɓa. Wanda bai taɓa ganin cikinta ba zai ɗauka dunƙulen nama ɗaya ne, alhali tsoka biyu ce, ɗaya kwance a kan ɗaya. Ta sama ita ce mai tudu da kowa yake gani. In ka ɗaga ta sai ka tarar da wata shimfiɗaɗɗiya mai faɗi a ƙasa, kamar kifin da aka feɗe aka shanya. Su biyun suna haɗuwa su zama agara, ta sauka ta kama diddige. Dakta Juliana ta ce wa yaran ta ƙasan nan sunanta soliyos, kuma ita ce jakar gidan. Kana tsaye tana aiki, kana zaune da gwiwa a lanƙwashe kana taka wani abu, ita kaɗai ake bari da wahalar.

Sadiƙa ce ta buɗe ta dama, wani ɗan surutu mai suna Titus ya buɗe ta hagu. Aka jera su gefe da gefe. Ta daman ta kusa ninka ta hagun.

Dakta ta ce, "To, likitocin gobe, wa zai gaya mini sana'ar mutumin nan?"

Titus ya ce, "Ɗan bal ne, Dakta, na rantse. Lef ɗinsa ne dai, ta hagun nan, babu labari."

Aka yi dariya. Dakta ta sa hantsaki ta kama agarar ta ja sama. Tafin ƙafar ya duƙa gaba. Ta saki, ya dawo. Ta sake ja, ya sake duƙawa. Sau uku ta yi haka.

Sadiƙa ta ce, "Tela ne."

Aka juyo ana kallonta. Ta ce, "Mai keken ɗinki na ƙafa. Yawanci da ƙafa biyu ake takawa, amma akwai masu taka da ɗaya, su naɗe ɗayar a ƙarƙashin kujera. Babana haka yake yi. In ya ɗage wando zai yi alwala, sai ka ce ƙafafun na mutum biyu ne."

Murmushi ma take yi da ta faɗa. Dakta ta yaba mata, ta ƙara da cewa ko wane ne, bai daɗe da barin keken ba kafin ya rasu, don tsokar da aka daina mora zubewa take yi. Ni kuwa ina tsaye a bayansu da bokiti a hannu, idona ya tafi saman kabad. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ajiye bokitin na fita waje, na ce wa kaina teloli a ƙasar nan sun fi a ƙirga.

Daga wannan satin ɗakin ya canza mini. Gawar da ta sha magani sama da shekara biyu itace ce, sai ka sa ƙarfi kafin ka lanƙwasa mata yatsa. Amma kullum na buɗe ƙofa da safe sai in tarar da ƙafar daman tebur na huɗu a duƙe, yatsu suna kallon ƙasa. In miƙar da ita, in rufe da leda, gobe in same ta yadda na same ta jiya. Na zargi ɗalibai, har na yi wa Titus faɗan da bai ji ba bai gani ba. Amma makulli ɗaya ne, kuma a aljihuna yake kwana.

Wata Juma'a kowa ya watse za a tafi masallaci, na tsaya rufe tagogi. Rana tana tsaka, an ɗauke wuta, fankoki sun tsaya, ɗakin shiru har kana jin ɗigar famfo. Sai na ji shi. Kacal, kacal, kacal, kacal. Ya tsaya, daidai tsawon da tela zai ɗaga allura ya juya ƙyalle, sannan ya ci gaba. Na leƙa ta taga ko wani ne a waje. Babu kowa sai akuya a gindin darbejiya. Na juyo, ƙarar tana fitowa daga layin tebura. Na taka a hankali, ina wuce na uku ta ɗauke. Ledar da na rufe ƙafar da ita ta zame ƙasa.

A nan na ga ɗaya abin. Farin ƙyallen fuskarsa ya jiƙe a wuri ɗaya, daidai kusurwar idon hagu ta wajen hanci, faɗin kwabo. Na ce magani ne yake tsattsafowa. Na canza ƙyalle, na tafi masallaci, amma ko za a yanka ni ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba. Ran Litinin sabon ƙyallen ma ya jiƙe a wurin. Na ɗauko tsohon da na jefa a kwando na duba. Ya bushe, ya bar farin zobe irin wanda zufa take bari a bakin hula. Shekara goma sha tara ina wasa da maganin nan, ban taɓa ganin ya bar gishiri ba.

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, amma ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? In ce me? Wata bayan wata ina canza ƙyalle a ɓoye, yara suna hawa, suka gama ciki, suka gama ƙirji, suka gama hannu. Sadiƙa kuwa kullum ita ce ta farkon zuwa, ita ce ta ƙarshen tafiya. In ta gama sai ta gyara masa ledar, ta lulluɓe shi sosai, abin da babu ɗalibin da yake yi.

Ran Alhamis ɗin ƙarshe kafin a shiga kai, na same ta ita kaɗai tana juya ƙoƙon kan da muke koyarwa da shi. Na daure na ce, "'Yata, baban nan naki tela, yana nan garin?"

Ta ajiye ƙoƙon. Ta ce, "Ba mu san inda yake ba, Baffa. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Ta ba ni labarin a taƙaice, kamar wadda ta gaji da maimaita shi. Tana da shekara tara aka shigo garinsu da harbi, saura kwana uku sallah. Sun fito sun kai bakin gari, ita kuwa ta kafe tana ta kuka a kan rigar sallarta da aka bari a kan keken ɗinki ba a gama ba. Uban ya ce su ci gaba, yanzu zai cim musu. Ita da uwarta, Ya Bawa, suka yi ta gaba har Allah ya kawo su Gombe. Malamai sun daɗe da ce wa uwar tana iya yin takaba ta huta, ta ce ita ba ta ga gawa ba.

"Ko cikin mutum dubu zan gane shi," in ji ta. Ta ɗago ƙoƙon kan, ta sa bakin biro a cikin gurbin ido, ta wajen karan hanci. "Ka ga wannan ɗan ƙashin? Bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma siriri ne kamar ɓawon ƙwai. Ta gefensa hawaye yake bi ya sauka cikin hanci, shi ya sa in mutum ya yi kuka hancinsa ke zuba. Babana jaki ya harbe shi yana yaro, ƙashin ya karye, hanyar ta toshe. Idonsa na hagu kullum cikin zuba yake, ko dariya yake yi. Na ƙagu Litinin ta zo in ga abin a jikin mutum."

Na san abin da ake yi ran Litinin, ni nake wasa kayan aikin. Da safe za a ɗaye fatar fuska. Kafin sati ya ƙare a sa zarto a raba kan biyu. Bayan nan ko uwar da ta haifi mutum ba za ta shaida shi ba. Kuma Sadiƙa aka ba askar, don ta fi kowa hannu.

Ran Asabar na hau keke napep na tafi Arawa, tafiyar da na ɗage shekara uku. Ban sha wahalar samun gidan ba, ƙamshi ne ya kai ni, don Ya Bawa turaren wuta da humra take haɗawa. Na same ta a zaure, doguwar mace cikin lafaya, tana cuɗa itacen turare a faranti. Da na ce ni ne Baffan makarantar su Sadiƙa, ta washe baki.

"Wushe, wushe, sannu da zuwa. Kai ne Bafulatanin da yake takura wa 'yata? Zauna, yau ka zo gidan iyayen gidanka."

Ta sa aka kawo mini shayi. Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Sai na lura da wani abu. Duk lafayarta ta sha turare, amma gefe ɗaya ta ƙulle shi ta soke a kafaɗa, in za ta goge hannu sai ta kauce masa. Na tambaye ta dalili don in samu abin faɗa.

Ta ce, "Na maigidan ne. Da shi nake share masa ido. Turare yana sa masa yaji, shi ya sa ko zan turara lafaya sai na ƙulle wannan gefen. In ya dawo kada ya tarar babu."

Na shanye shayin nan yana ƙona mini harshe. Na sayi turaren da ba na buƙata, na yi sallama na fito. Ni da nake cika baki ba na tsoron matattu, mace mai rai ta kore ni da gefen lafaya.

Zan faɗi abin da na shirya, ko da zai zubar mini da mutunci. Na yanke shawarar in sammaka ran Litinin, in mayar da shi tanki, in ce wa Dakta ya fara lalacewa, a raba yaran a sauran tebura. Yarinya ba za ta yanka fuskar ubanta ba, ni kuma asirina a rufe, aikina yana nan. Ya Bawa ta ci gaba da ƙulle lafayarta har ta mutu. A lokacin har gani nake dabara ce mai kyau.

Ran Litinin rana tana fitowa na buɗe ɗakin. Ƙasan tebur na huɗu a jiƙe yake. Ƙyallen ya sha ruwa sharkaf tun daga ido har haɓa, yana ɗiga ta bakin tebur, ɗis, ɗis. Na karanta abin da zan iya karantawa, na turo gadon ɗaukar gawa, na kama shi ta ƙafa zan ja. Hannuna na dama yana kan agarar nan da aka feɗe. Sai na ji ta ja a cikin tafina. Ta saki. Ta sake ja. Tafin ƙafar yana duƙawa yana tasowa a kan tsintsiyar hannuna, a natse, ba gaggawa, irin takun mutumin da ya san sauran ɗinkin kaɗan ne.

Ban san lokacin da na saki ba. Ina tsaye bayana a jikin bango, sai na ji sallama. Sadiƙa ce, ta riga kowa kamar kullum, farar rigarta a hannu.

"Baffa, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Na hau kujera na sauko da gwangwanin. Na ce, "'Yata, zauna. Wannan na mutumin teburinku ne. Tun shekara uku ya kamata in kai shi Arawa, ban kai ba."

Ta buɗe. Ta ga tef ɗin, ta ajiye shi gefe. Ta kwance ledar ta warware rigar. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, an gama ta tsaf har da maɓallai, sai dai zaren hannu ɗaya ya bambanta da sauran, alamar a wani wuri aka ƙarasa ta. Ta daɗe tana kallonta. Ta kara ta a jikinta, ko cibiya ba ta kai mata ba.

Ta ce, "Kwance ƙyallen."

Na ce ta bari a kira Dakta. Ta ce, "Baffa, kwance."

Na kwance. Magani yana canza fuska, yana mayar da ita kamar fatar jima, amma ba ya goge zane. Ba ta yi ihu ba. Ta cire safar hannu, ta sa ɗan yatsanta a kusurwar idon hagu ta danna a hankali, yadda aka koya mata. Na ga yatsan ya tsaya a kan wani ɗan tudu inda ya kamata a ji santsi.

"Ga karayar," ta ce. Sannan ta juya ta kalli ƙafar, ta kalli hannuwanta. "Wata tara. Ni na buɗe masa ƙafa, Baffa. Har aka yaba mini."

A nan ne kukan ya zo mata, ni ma na zauna a ƙasa cikin ruwan.

Da Dakta Juliana ta iso ta ji, ta dafe kai, ta sallami ɗalibai, ta shiga ofis ta yi ta buga waya har aka ba da izinin sakinsa. Ni ko kallona ba ta yi ba. Aka ce a je a ɗauko Ya Bawa, Sadiƙa ta ce a dakata, uwarta ba za ta gan shi a buɗe ba. Ta nemi allura da zare. Ta mayar da tsokar ƙasa mazauninta, ta kwantar da ta sama a kanta, ta ja fata ta rufe. Haka ta bi shi tun daga sharaɓa har ƙirji, ɗinki ƙanana a jere, babu wanda ya fi wani. Awa uku tana yi, ni ina riƙe mata zare.

Wajen azahar Ya Bawa ta shigo da dattawa biyu na unguwarsu. Mun lulluɓe shi da farin yadi, fuska kaɗai a waje. Ta tsaya a kansa ta yi salati. Ta kira sunansa sau ɗaya, "Abba Gana," kamar mai tashin wanda ya makara. Sannan ta kai hannu kafaɗa ta kwance ƙullin nan, ta sunkuya ta share masa idon hagu. Ina tsaye kusa, na ga gefen lafayar ya yi duhu da danshi. Ta jira kaɗan ta sake dubawa. Idon ya bushe, bai ƙara kawo komai ba.

Ta ɗago ta dube ni. "Tun yaushe yake nan?"

Na ce, "Shekara uku."

"Ka ga zanensa?"

"Na gani."

"Shekaranjiya ka sha shayi a zaurena."

Ta gyara lafayarta, ta ce, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi, "Malam Babayo, wasan Fulani da Barebari bai kai nan ba."

Bayan la'asar aka yi masa salla a Arawa, mutane har bakin titi. Na bi sahun ƙarshe, ban kama makara ba, ban ga ina da wannan hurumin ba. Inda ya yi shekara takwas kafin ya iso tashar nan, da wanda ya gaya masa iyalinsa suna Gombe, Allah kaɗai ya sani. Washegari Ya Bawa ta shiga takaba. Sadiƙa ta dawo karatu bayan sati biyu, aka mayar da ita tebur na ɗaya. Tana gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, amma ba ta ƙara tsokanata ba, kuma Malam Babayo take ce mini yanzu.

A wurin aiki takardar gargaɗi kawai aka ba ni. Na ɗauka shi ke nan. A hanyar dawowa daga maƙabarta dai na ji idona na hagu yana ruwa, na ce ƙasar kabari ce ta shiga. Yau wata biyar ke nan bai tsaya ba. Ina cin abinci yana zuba, ina salla yana zuba, ko dariya nake yana zuba. Likitan ido ya duba, an ɗauki hoton ƙashin nan mai kamar ɓawon ƙwai, an ce lafiyarsa ƙalau, hanyar a buɗe take. Matata ta gaji da wanke mini hankici.

Jiya Juma'a na tsaya rufe tagogi, aka ɗauke wuta, ɗakin ya yi shiru. Ban ji keke ba. Na ɗaga kai na dubi saman kabad da ido ɗaya mai gani sosai, ɗaya yana yoyo. Saura gwangwani huɗu. Na sauko da na farko na goge masa ƙura, gobe da sassafe zan fita da shi neman dangin mai shi.